Yauƙin Ƙwayar Tafasa

Babana Nomau ya shekara talatin yana yaƙi da tafasa,
hauya a kafaɗa, tun daga noman fari har maimai.
Ya tuge ta gabas, ta tsiro masa yamma.
Sai shekarar da rumbu ya yi amon ganga
muka san ganyenta da ƙuli da ɗan gishiri.
Ƙwayar kuwa, ba wanda ya ko tambayi sunanta.

Yau ga ni a ɗakin gwaji, cikin farar riga,
da tiya guda da na auno a kasuwar Jiratawa.
Na gasa sama-sama, na ɓarza, na sheƙe ɓawo,
na fid da ɗan tsiron, na bar farin ciki.
Farin cikin ƙwaya nake nufi,
nawa bai iso ba tukuna.

Na barbaɗa garin a ruwan sanyi,
ya kwanta a gindin kwalba kamar ba da shi ake ba.
Malam Sha'aibu ya leƙo ta saman tabarau:
“Aza a wuta, Cima. Wannan ba ya jin lallashi.”

Ya ɗauki alli ya zana:
igiya doguwa, sukari riƙe da hannun sukari,
ɗari bisa ɗari, kamar ƙwayoyin carbi.
In ka ƙirga biyar, sai reshe guda ya leƙo gefe,
wani sukarin daban, saɓe a kwiɓi kamar yaro.
Inda reshe yake, nan ruwa ke samun ƙofa.
Inda babu, igiya ta rungume ƴar'uwarta ƙam,
sai zafi ya shiga tsakani.

A digiri tamanin suka saki juna.
Ruwan da ke gudu ɗazu ya koyi tafiyar ƙasaita.

Na tsoma sandar na'ura, ta fara juyi.
In a hankali take, lamba ta hau,
don igiyoyi sun sarƙe kamar yaɗon duma bisa danga.
In na ƙara mata gudu, sai su miƙe,
su bi sahu kamar shanu sun doshi Gulbi,
kauri ya saki, lamba ta gangaro.
Na tsayar. Na ba su minti biyu.
Suka koma suka sarƙe, ba wanda ya aike su.

Ƙarfe huɗu saura kwata aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Rabin layukan takardata fayau, ba lamba.

Zufa na bin bayana. Na duba, ba kowa,
na tsoma babban yatsa da manuni,
na haɗa, na raba a hankali,
yadda Inna ke yi wa miyar lalo a Mokoyo
kafin ta ce a kwashe tuwo.
Ba ta taɓa jin labarin igiya da reshe ba,
amma ta san in maburgi ya yi sauri miya ta kan saki jiki,
in an bar ta ta huce, ta tattaro kanta.

Sai waya ta yi kuka a aljihu. Baba ne.
“An ce wasu na saye buhu-buhu, ana lodawa a mota.
Nawa tiya?”
Na faɗa masa. Ya yi shiru,
ina jin zakara a bayansa, da tarin Inna.
“To,” ya ce, “bana sai in bar mata gefen gona,
wajen tsamiya, inda gero ba ya yi.”

Wayar na kunne, hannun dama na sama,
zaren na tsakanin yatsuna, siriri, yana ɗaukar hasken taga.
Ya yi tsawon gaɓa guda, ya ɗan ɗara,
ya sunkuya a tsakiya, kafin ya tsinke.

Na nemi gurbin da zan rubuta wannan a takarda.
Ba a zana masa layi ba.